Daga Jiƙo zuwa Giya: Hukuncin Abubuwan Sha na Gida a Fiƙihun Malikiyya, Nazari daga Unguwannin Masana'antu na Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hukuncin abubuwan sha da ake haɗawa a gida daga hatsi, ganyaye da 'ya'yan itatuwan daji, irin waɗanda ake sayar wa ma'aikata a unguwannin masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano. Ta nuna cewa kayan da ake yin kunu, maɗi da jiƙo da su, su ne dai ake yin burukutu da sauran giyar gargajiya da su, kuma abin da ya raba halal da haram a tsakaninsu shi ne sa maye. Ta bibiyi abubuwa huɗu da ke kai abin sha ga wannan hali: daɗewa, zafi, mazubi da gauraye. Ta kwatanta maganganun malaman fiƙihu a babin tsimi da abin da ilimin kimiyya ya tabbatar, sannan ta fitar da hukunce-hukuncen da suka shafi mai haɗawa, mai sayarwa, mai sha da ma'aikacin masana'anta.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halatta wa bayinSa daɗaɗan abubuwa, Ya haramta musu munana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu guda uku. Bompai ce mafi daɗewa, sai Sharaɗa, sai Challawa da ke gefen Kogin Challawa a Ƙaramar Hukumar Kumbotso. A cikinsu akwai majemu na zamani, masana'antun roba, matatun man girki da kamfanonin abinci da abin sha, kamar masana'antar lemon kwalba ta Nigerian Bottling Company a Challawa, da kamfanin Dala Foods a Sharaɗa, wanda ya shahara da garin kunun tsamiya. A bakin ƙofofin waɗannan masana'antu kuwa akwai wata sana'ar daban, ta mata da yara masu tallar zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya, ruwan tsamiya da lemon citta a cikin gorunan roba. Leburori, 'yan dako, direbobi da masu gadi da waɗannan suke kashe ƙishirwa, musamman a bazara da lokacin buɗa-baki.

Gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Yunin 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. A watan Nuwamban 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya 240,000, ta kuma zubar da burukutu fiye da lita 8,000. Wannan giya ce bayyananniya, mai suna da kama, babu Musulmin da hukuncinta ya ɓuya gare shi. Abin da ke buƙatar bayani shi ne abin shan da aka haɗa shi yana halal, da niyyar halal, amma ya kwana ya wuni a cikin zafi har ya fara sauya hali. Yaushe yake fita daga halal? Me ya wajaba a kan mai shi? A nan ne dukiyar mai ƙaramin jari da addinin mai sha suke haɗuwa a cikin gora ɗaya.

2.0 Kayan Haɗi Ɗaya, Hukunci Biyu

Dajin ƙasar Hausa yana ba da 'ya'yan itatuwa da yawa waɗanda ba wanda ya shuka su: tsamiya, kuka, ɗinya, kanya, magarya, kurna, aduwa, goruba, taura, tsada, ɗorawa, giginya da nunu, wato 'ya'yan ɗanya. Asalinsu duka halal ne, kuma wanda ya tsince su a dajin da ba mallakar kowa ba ya mallake su. Tun da daɗewa ake jiƙa su a sha ruwan, ko a dafa ruwan ɗinya a yi maɗi, ko a dama garin kuka da na ɗorawa. A yau an ƙara da zoɓo, citta, kanumfari, aya, dabino, abarba da sukari.

Waɗannan kaya su ne kuma tushen giyar gargajiya. Da tsiron dawa ake dafa burukutu da fito. Da zuma ake yin giyar da Habashawa ke kira tej. 'Ya'yan ɗanya, waɗanda yara ke tsotsa a ƙauyukanmu, da su ake yin giya a ƙasashen kudancin Afirka, har da ta kwalba mai suna Amarula. Bammi kuwa ruwan jikin tukurwa ne ko na kwakwar manja. Ƙasar Kano ma ta san wannan sana'a kafin Musulunci ya kafu: littafin Tarihin Kano ya lissafa Bugazau, mai dafa giya, a cikin manyan mutanen zamanin Barbushe, kuma Maguzawa sun ci gaba da dafa ta domin bukukuwa da gayya. A zamanin Turawa, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, an sanya Arewacin Nijeriya cikin yankunan da aka hana shigar da barasar waje ga 'yan ƙasa, amma tukunyar gida ba ta daina tafasa ba.

Ke nan dawar da ta zama kunu ita ce ta zama burukutu. Bambancin yana ga abin da ya faru da ita bayan an zuba mata ruwa.

3.0 Yadda Zaƙi ke Rikiɗa

A jikin ɓawon 'ya'yan itace, da cikin iska, da hannun mutum, da bangon mazubi, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya tabbatar, tun daga 1857, cewa su ne ke haddasa rikiɗar abin sha. Iri uku ne suka shafi wannan bahasi.

Na farko shi ne yis, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Yana cin sukari, ya fitar da sinadarin itanol, wanda shi ne mai sa maye, tare da iskar da ke sa kumfa. A lissafi, giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na itanol da giram 88 na iska, wato kusan rabi da rabi. Idan aka zuba sukari kilo 2 a jarka mai lita 20 ta zoɓo, kuma yis ya cinye shi duka, ƙarfin abin zai iya kaiwa kashi 5 zuwa 6 cikin 100, daidai da giyar kwalba. Ba kasafai abin yake kai nan a zoɓon talla ba, amma lissafin yana nuna iyakar abin da ke iya faruwa. Yis ya fi ƙarfi a zafin digiri 25 zuwa 35 na ma'aunin Salshiyas, kuma zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40. Sanyin firji yana rage masa kuzari ne kawai, tafasawa ce ke kashe shi.

Na biyu su ne ƙwayoyin bakteriya masu sa tsami irin na nono. Su ne ke tsamama kindirmo, gasara, koko da fura. Tsaminsu ba ya sa maye. Yawancin tsamin kunun zaƙin da ya kwana daga gare su yake.

Na uku su ne bakteriya masu mayar da itanol ruwan khal idan iska tana shiga mazubin. Su ne ke sa bammin da ya daɗe ya zama tsami zalla.

Fa'idar wannan rarrabewa ga ɗalibin fiƙihu babba ce, domin jama'a sukan kira duk waɗannan da kalma ɗaya, su ce abu ya yi tsami. Tsamiya da zoɓo da kuka tsaminsu na halitta ne. Tsamin nono halal ne. Tsamin khal alama ce ta cewa barasa ta fara gushewa. Alamomin aikin yis dabam suke: kumfa mai tasowa da kanta ba tare da an girgiza ba, gora ta kumbura ta yi tauri, a buɗe ta yi huci, zaƙi ya ragu, ɗanɗano ya riƙa tsikarar harshe, wari ya ɗauki kamannin ƙullun burodi da ya wuce lokaci. Wannan shi ne abin da malamai suka kira galayan, wato tafasa ba tare da wuta ba, da shidda, wato ƙarfin da ke motsa hankali.

4.0 Illar Hukunci ita ce Maye

Haramcin giya ya sauka daki-daki. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta rinjayar da zunubinta a kan amfaninta, aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko sunan khamru ya tsaya ga ruwan inabi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya bayyana a kan mumbari cewa lokacin da haramcin ya sauka ana yin giya da abubuwa biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, sannan ya fassara ta da duk abin da ke lulluɓe hankali. Abu Musa al-Ash'ari (RA) ya tambayi Annabi (SAW) game da abubuwan sha biyu na Yaman, bit'u da ake yi da zuma, da mizru da ake yi da hatsi, sai amsar ta zo da ƙa'ida gamammiya wadda ta rataya haramci ga sa maye. A cikin Sahihu Muslim, wani mutumin Jaishan ya yi tambaya kan mizrun dawa, Annabi (SAW) kuwa bai tambaye shi da me ake yi ba, sai ya tambaye shi ko yana sa maye. A Muwaɗɗa kuma an hana gubaira'u, wadda Zaidu ɗan Aslam ya fassara wa Imamu Malik da sukurka, giyar dawa ta Habashawa. Mizru da sukurka 'yan'uwan burukutu ne na kusa, don haka hukuncinsa yana cikin nassi, ba sai an je ga ƙiyasi ba.

A kan wannan ne Malik, Shafi'i da Ahmad suka tafi: duk abin shan da mai yawansa ke sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da me aka yi shi. Abu Hanifa da Abu Yusuf sun keɓe sunan khamru ga ɗanyen ruwan inabi da ya tafasa, suka yi rangwame a tsimin zuma da na hatsi matuƙar ba a kai ga adadin da ke bugarwa ba, kuma ba don shagala aka sha ba. Muhammad ɗan Hasan ash-Shaibani ya saɓa musu ya bi jumhuru, kuma da maganarsa malaman Hanafiyya na baya suke ba da fatawa. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 595 bayan Hijira, ya tattauna hujjojin ɓangarorin biyu a Bidayatul Mujtahid.

Sakamakon wannan ƙa'ida biyu ne. Na farko, canza suna ba ya canza hukunci: ko an kira abu tsimi, ko maganin basir, ko maganin ƙarfi, idan mai yawansa yana bugarwa giya ce. Na biyu, samuwar ɗigon itanol kaɗai ba ta haramta abu. Ayabar da ta nuna sosai, da burodi, da ruwan lemon da aka matse duk suna ɗauke da ɗan abin da na'ura za ta iya ganowa, amma ko cikin mutum ya cika da su ba zai bugu ba. Ma'aunin shi ne ko abin shan, a yadda yake, zai bugar idan an sha da yawa.

5.0 Lokaci, Mazubi da Gauraye

5.1 Lokaci

Annabi (SAW) ya kasance yana shan jiƙon dabino da na zabibi. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa sukan jiƙa masa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Ibn Abbas (RA) kuma ya ruwaito cewa yakan sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya shayar da mai hidima ko ya sa a zubar. Duka ruwayoyin suna cikin Sahihu Muslim. Imamun Nawawi ya daidaita su da cewa ana shayarwa idan abin bai sauya ba, ana zubarwa idan alamar maye ta bayyana. Hanbalawa sun ɗauki kwana uku a matsayin iyaka ga ruwan 'ya'yan itace ko da bai tafasa ba, jumhuru kuwa sun bar hukuncin a rataye da sa maye.

Kada a fahimci kwana uku a matsayin lasisi. Dabino kaɗan a cikin salkar fata da aka rataye a inuwa ba daidai yake da zoɓo mai sukari da ɓawon abarba a rufaffiyar roba a rana ba. Tafasa zoɓo tana kashe yis, amma abin da aka ƙara bayan ya huce, da hannu, da mazubi, suna dawo da shi. Idan aka ɗauke wutar lantarki ƙanƙara ta narke a kula, abin da aka haɗa jiya da dare yana iya fara kumfa kafin la'asar.

5.2 Mazubi

Lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, Annabi (SAW) ya hana su yin tsimi a mazubai huɗu: dubba'u, wato duma, da hantam, wato tulun da aka shafe da wani abu mai sheƙi, da naƙir, wato kututturen dabino da aka fafe, da muzaffat, wato mazubin da aka shafe da kwalta. Daga baya hadisin Buraida (RA) ya zo da izinin sha a kowane mazubi muddin ba a sha mai sa maye ba, jumhuru suka ɗauke shi a matsayin mai shafe hanin. Malik ya bar karhanci a kan duma da mai kwalta, kuma a kan haka Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, da Mukhtasar na Shaihu Khalil suka tafi.

Duma kuwa ita ce uwar ƙwarya da gora da buta a ƙasar Hausa. Cikinta yana da ƙananan ramuka da ke riƙe ragowar abin da aka zuba, yis ya zauna a ciki yana jiran sabon zubi. Haka ma tukunyar ƙasa. Malamai sun bayyana cewa an fifita salka ne domin fatarta siririya ce, idan abin ciki ya yi ƙarfi takan kumbura ko ta tsage, mai ita ya farga. Karhancin ya shafi jiƙa abu mai zaƙi a bar shi ya daɗe, bai shafi dama fura a ƙwarya a sha nan take ba.

Gorar roba ta gaji sunan gorar duma, ta kuma gaji aibinta. Yawancin waɗanda ake zuba zoɓo da kunu a ciki tsofaffin robobin lemo da ruwa ne da 'yan jari-bola suka tsinto, kuma bakinsu ƙarami ne, hannu ba ya shiga. Wadda aka ɗauraye sama-sama tana riƙe da irin yis a gindinta da cikin murfinta. Sai dai tana da kyakkyawar sifar salka, domin tana kumbura idan abin ciki ya tashi. Gorar da ta yi tauri kamar ta lemo mai gas, alhali zoɓo ne a ciki, ta riga ta ba da shaida.

5.3 Gauraye

An hana haɗa nau'i biyu a tsimi ɗaya, kamar dabino da zabibi, wanda ake kira khaliɗaini. Dalilin da malamai suka bayar shi ne gaurayen yana gaggauta ƙarfi kafin ɗanɗano ya tona shi. Shaihu Ahmad ad-Dardir, wanda ya rasu a 1201 bayan Hijira, ya bayyana cewa wurin karhancin shi ne inda maye zai iya aukuwa amma bai auku ba. Kunun aya da ake haɗawa da dabino da kwakwa misali ne na kusa, kuma duk mai sana'arsa ta san bai jure zafi. Wanda aka haɗa aka sha da sanyinsa babu komai a kansa. Wanda ya wuni babu ƙanƙara, shi ne abin dubawa.

Gauraye mafi haɗari shi ne zuba kwantan jiya a cikin sabon haɗin yau don gudun asara. Da wannan hanyar ce masu burukutu suke tayar da sabuwar tukunya, da ragowar tsohuwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa ana wanke salkar Annabi (SAW) safe da yamma, kuma an ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa ya ƙi a zuba guggubin tsohon tsimi a cikin sabo don ya yi ƙarfi.

Akwai hanyoyin adanawa guda biyu da shari'a ta yarda da su. Ta farko dafawa har ruwa ya ƙafe: a Muwaɗɗa, Umar (RA) ya halatta wa mutanen Sham ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya tafi, domin yis ba ya iya aiki a abu mai kauri irin wannan. Maɗin da ya yi kauri da alewa suna cikin wannan babi, amma idan aka tsinka su da ruwa aka ajiye, hukuncin jiƙo ya dawo. Ta biyu busarwa: garin kunu da busasshen zoɓo suna shekara ba su tashi ba, domin babu ruwa.

6.0 Bammi, Tsimin Magani da Tatacciyar Barasa

Bammi a lokacin da yake ɗigowa daga itace ruwa ne mai zaƙi, kuma asalinsa halal. Sai dai yana fara tashi tun a cikin gorar da aka tara shi, cikin sa'o'i kaɗan ya zama mai bugarwa. Wanda aka yi tafiya da shi daga kudu har Kano ya wuce wannan mataki, don haka da'awar cewa ruwan itace ne kawai ba ta da tushe.

Tsimin magani, wanda ake jiƙa saiwa da sassaƙe da zuma, rake ko mazarƙwaila a rufe kwana da kwanaki, ya tara sharuɗɗan rikiɗa gaba ɗaya. Ɗacin sassaƙe yana ɓoye ɗanɗanon barasa. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid (RA) ya nemi izinin yin giya don magani, Annabi (SAW) ya hana shi, ya siffanta ta da cuta. Mafita ga mai magani ita ce ya ajiye saiwarsa a bushe, ya dafa ta kullum daidai buƙata, ya sa zuma lokacin sha.

Tatacciyar barasa, kamar ogogoro, ana samunta ne ta hanyar turara abin da ya riga ya zama giya a tattara tururinsa. Haramcinta ba shi da saɓani, kuma ta ƙara da haɗarin kisa. Wani sinadari mai suna mitanol, wanda ke makantarwa yana kashewa, yakan taru a cikinta ko a zuba shi da gangan don ƙara ƙarfi. A 2015 gomman mutane sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da shi.

7.0 Tambayoyin Cikin Masana'anta

A masana'antun abin sha na duniya akan narkar da wasu kayan ƙamshi da na launi a cikin itanol kafin a ɗiga su a cikin dubban litocin ruwa. Taron Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci da aka yi a Kuwait a 1995 ya halatta abincin da ɗan ƙaramin adadi irin wannan ya ɓace a cikinsa. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya a 2011 ya halatta abin shan da ba a yi shi da nufin giya ba idan itanol ɗinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya kuma haramta wanda aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi, ko da an cire barasar daga baya. Majalisar Malaman Indonesiya a 2018 ta sa iyakar a kashi 0.5. Waɗannan alƙaluma ijtihadi ne na kiyayewa domin sauƙaƙa aikin masu bincike, asalin ma'aunin kuwa yana nan yadda nassi ya ajiye shi.

Tambaya ta biyu ta shafi aiki da ciniki. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA) ya ambaci mutum goma da la'ana ta hau kansu a sha'anin giya, cikinsu har da mai matsa ta, mai ɗaukarta, mai sayar da ita da mai cin kuɗinta. Direba da ɗan dakon da suka san abin da ke cikin kwali sun shiga ciki. Tun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya na Nijeriya suka karkata ga dawa da masara, wanda ya sa tambayar ta iso ga 'yan kasuwar hatsi irin na Dawanau. Ƙa'idar Malikiyya ita ce haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Wanda ya sayar da dawa a kasuwa bai san inda za ta ba babu laifi a kansa, wanda kuwa ya ƙulla kwangila da matatar giya yana sane, hukuncin mai inabi ne hukuncinsa.

8.0 Hukuncin Abin da ya Rikiɗa

Idan abin sha ya yi tsami irin na nono kawai, halal ne matuƙar ba zai cutar ba, amma ɓoye kwanansa da ƙarin sukari da ƙanƙara algus ne. Idan ya fara kumfa ana shakkar ƙarfinsa, barinsa shi ne tsantseni, kuma bai dace a sayar wa wanda bai sani ba. Idan ya tabbata mai bugarwa ne, ya zama giya: haramun ne a sha, a sayar ko a bayar, sai zubarwa.

Jumhuru suna ganin giya najasa ce, ko da yake an ruwaito tsarkinta daga Rabi'a malamin Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Muzani. A bisa mazhaba, roba, ƙarfe da tangaran suna tsarkaka da wanki, amma Khalil ya lissafa tukunyar ƙasa da najasa mai ratsawa ta jiƙa cikin abubuwan da ba su karɓar tsarki. Giyar da ta zama khal da kanta ta tsarkaka ba tare da saɓani ba. Mayar da ita khal da gangan Shafi'iyya da Hanbalawa sun hana, Hanafiyya sun halatta, mashhurin Malikiyya kuwa shi ne ta tsarkaka.

Haddin shan giya a mazhabar Malik bulala 80 ne, amma sai ga wanda ya sha da zaɓinsa yana sane. Leburan da ya sayi gora yana zaton zoɓo ne lafiyayye babu haddi a kansa, babu zunubi. Nauyin yana kan wanda ya san halin kayansa ya yi shiru.

Ya kamata a tuna kuma cewa tsira daga maye kaɗai ba ta isa ba, sai abin ya zama mai kyau marar cutarwa. A watan Maris na 2021 an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, hukumomin lafiya da NAFDAC suka alaƙanta lamarin da gurɓataccen garin lemo da na ɗan tsami da ake haɗa abin sha da su.

9.0 Kammalawa

Babin tsimi da ake karantawa a Risala da Mukhtasar yana magana ne kai tsaye ga kular da ke bakin ƙofar masana'anta a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Abin da ake buƙata daga mai sana'a kaɗan ne: ta haɗa daidai abin da za ta sayar a yini, ta wanke gora da ruwan zafi da sabulu, ta jinkirta zuba sukari da 'ya'yan itace zuwa kusa da fita, kada ta haɗa kwantai da sabo, ta kuma zubar da gorar da ta kumbura. Asarar gora biyar ta fi sauƙi a kan shayar da Musulmi abin da ke da shubuha, balle mai azumi. Ana shawartar limaman masallatan waɗannan unguwanni da malaman Islamiyyun matan aure su shigar da wannan babi cikin karatunsu kafin shigowar bazara da Ramadan, sassan nazarin addini kuma su haɗa kai da na kimiyyar abinci a jami'o'in Kano, a auna ƙarfin waɗannan abubuwan sha sa'a bayan sa'a a zafin garin, domin mai fatawa ya samu alƙaluman ƙasarsa a hannu. Allah ne Mafi sani.